Babi na Bakwai: Abin da Maganin Farfaɗiya Yake Yi a Jiki

Mai zazzaɓin cizon sauro kwana 3 yake yi yana shan magani, ya warware, ya manta har da sunan abin da ya sha. Mai farfaɗiya ba haka ba ne. Zai haɗiyi ƙwayarsa yau, ya haɗiya gobe, baɗi war haka yana nan yana haɗiya, wani ma har iyakar rayuwarsa. Maganin da zai daɗe haka tare da mutum ba ya tsayawa a ƙwaƙwalwar da aka aike shi. Yana bi ta hanta, yana yawo a jini, yana taɓa ƙashi da fata da dasashi, idan mai sha mace ce mai juna biyu kuma sai ya ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan da ke cikinta.

Likitoci sun san duk wannan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda sanin ba ya isa kunnen wanda abin ya shafa. Layi ya yi tsawo, likita ɗaya ne, mutum zai fito da takarda a hannu da magana guda a ka: "Ka riƙa sha kullum, kada ka daina." Ya koma gida, bayan kwana goma jiri ya kama shi, ko ya ga yaronsa ya canza hali. Ba wanda ya gaya masa haka na iya faruwa. Ba wanda ya bambance masa abin da zai wuce da kansa da abin da zai sa a koma asibiti a ranar. Sai ya yanke hukunci shi kaɗai, hukuncin kuma kusan kullum ɗaya ne, ya ajiye maganin. A cikin duk abin da mai farfaɗiya zai iya yi da ƙwayarsa, babu mafi haɗari kamar wannan.

Kafin mu kai can, sai mun fahimci aikin da aka aiki maganin ya yi. A ƙwaƙwalwar ɗan'adam akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, suna aika wa juna saƙo ta hanyar ɗan ƙaramin lantarki da wasu sinadarai. Cikin sinadaran akwai mai zuga ƙwayar jijiya ta yi aiki, babbansu gulutamet, akwai kuma mai kwantar da ita, wanda ake kira GABA. Ciwon yana tashi ne idan tarin ƙwayoyin jijiya suka saki lantarkinsu gaba ɗaya a lokaci guda, ba tsari ba tsayawa. Sau da yawa akwai wani tabo a ƙwaƙwalwa da ke haddasa hakan: na doguwar naƙuda, na sanƙarau, na zazzaɓin cizon sauron da ya hau kai, na buguwar kai a haɗarin babur, ko na shanyewar ɓarin jiki. A wasu mutanen ba a samun tabon komai. Magani dai ba ya goge tabo. Abin da yake yi shi ne ya sa ƙwayoyin jijiya su yi wuyar zabura, ko dai ta ƙarfafa GABA, ko ta danne ƙofofin da sinadarin sodiyam ke shiga ƙwayar jijiya ya kunna ta. To amma ƙwayoyin da ake kwantarwa ɗin nan su ne dai waɗanda mutum yake tunani da su, yake tsayuwa daidai da su, yake haddace karatu da su. Daga nan barci da jiri da nauyin kai suke samo asali.

Tun farkon tarihin maganin haka abin yake. A 1857 wani likita a Landan, Charles Locock, ya ba da labarin cewa gishirin buromaid yana rage tashin ciwon. Ya rage ɗin, amma ya bar masu shansa da ƙuraje a fuska da dushewar tunani, kuma a haka aka yi ta fama sama da shekara 50 don babu wani. A 1912 wani matashin likita a Freiburg ta ƙasar Jamus, Alfred Hauptmann, ya riƙa ba masu farfaɗiyar da ke kwance a sashensa wani sabon maganin barci mai suna Luminal don su samu su runtsa da dare. Sai ya lura ba barci kaɗai suke samu ba, ciwon ma ya ja baya har da rana. Luminal ɗin nan shi ne fenobabiton, kuma har yau, bayan fiye da shekara 110, shi ne maganin farfaɗiyar da talakan Afirka ya fi samu.

Domin gane yadda magani ke zama a jiki, a ɗauki randa mai ɗan yoyo a gindi. Kowace ƙwaya da aka haɗiya guga ce aka zuba, hanta da ƙoda kuma su ne yoyon. Abin da ake nema shi ne ruwan ya tsaya a wani tsayi: idan ya yi ƙasa ciwo ya tashi, idan ya tumbatsa magani ya bugar da mutum. Yoyon fenobabiton ƙarami ne ƙwarai. A jikin babban mutum sai an yi kwana 3 zuwa 4 kafin rabin abin da ya sha ya fita. Shi ya sa sau ɗaya ake shansa, da dare, kuma shi ya sa sai an yi mako 2 zuwa 3 ana sha kafin ya daidaita a jini. Wanda ya sha na kwana biyar, ciwo ya tashi, ya ce magani ba ya yi, bai ba shi lokacinsa ba.

Manya sun fi kokawa da barci da kasala, musamman a makonnin farko, kuma yawanci yana sauƙi idan jiki ya saba. A wurin yara kuwa abin yakan juye. Maganin da ke kwantar da babba sai ya tayar da yaro: ƙiriniya, saurin fushi, rashin zama wuri ɗaya, barci a gutsure. Uwa za ta ce, "Likita, tun da aka fara ba shi ƙwayar nan ya zama wani iri, ba ya jin magana, malaminsu ma ya kawo ƙara." Irin wannan yaron sau da yawa bulala yake sha a gida da makaranta a kan abin da ba halinsa ba ne. Akwai ma abin da ya fi haka. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1990, a kan ƙananan yaran da ake ba fenobabiton don hana jijjigar zazzaɓi, ya nuna bayan shekara 2 sun gaza takwarorinsu da kusan maki 8 a gwajin basira. Wannan na cikin abin da ya sa ƙasashe masu arziki suka ja da baya daga ba yara shi.

Duk da haka ba na cikin masu zaginsa. A ƙauyukan ƙasar Sin an gudanar da wani babban shiri a farkon shekarun 2000, inda ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci suka ɗora sama da mutum 2,000 a kan fenobabiton. Bayan shekara guda, kusan biyu cikin uku tashin ciwonsu ya ragu da rabi ko fiye, wasu da yawa ma ya tsaya cak. Ga wanda ke faɗuwa kusa da murhu ko bakin rijiya, ƙwaya mai araha da ake samu kullum ta fi mai tsadar da za a saya wata guda a kasa na biyu. Abin da nake cewa kawai, a faɗa wa uwa tun ranar farko abin da za ta sa wa ido, don idan ta gani ta dawo a rage ko a canza.

Fenitoyin, wanda aka fi sani da Epanutin, ya zo a 1938, bayan Houston Merritt da Tracy Putnam sun gwada shi a kan kyanwoyi a Boston. An yi murna da shi domin yana hana ciwo ba tare da ya kwantar da mutum barci sosai ba. Amma yana da wata ɗabi'a mai wuyar sha'ani. Hanta tana da iyakar abin da za ta iya sarrafawa daga cikinsa, da zarar an kai iyakar nan, ɗan ƙarin da bai taka kara ya karya ba sai ya ninka yawansa a jini. Mutum ya fara tangaɗi, harshe ya yi nauyi, ƙwayar ido ta riƙa rawa, wanda bai sani ba ya ce ya sha wani abu ne. Idan aka daɗe a kansa kuma dasashi yakan kumbura ya hau kan haƙora, abin da ke samun kusan rabin masu daɗewa suna sha, gashi ya ƙaru a fuska da jiki, fatar fuska ta yi kauri. Yawan goge baki da buroshi ko asuwaki yana rage na dasashin. Sauran kuwa, a tuna cewa budurwar da aka riga aka ware saboda ciwonta ba za ta ɗauki canjin fuska da wasa ba, kuma tana da gaskiya.

Kabamazefin, wato Tegretol, an haɗa shi a Basel ta Suwizalan a 1953, ya shiga kasuwa a shekarun 1960. Shi ne abokin tafiyar manya da yawa a biranenmu, kuma yana aiki sosai a kan ciwon da ke farawa daga wani ɓangare guda na ƙwaƙwalwa. Shi da kansa yake faɗaɗa yoyon randarsa. A kwanakin farko sai ya wuce yini da kwana kafin rabinsa ya fita, amma cikin mako 3 zuwa 4 hanta ta koyi cinye shi da sauri har lokacin ya sauko zuwa sa'a 12 zuwa 17. Dalilin da ya sa likita ke farawa da kaɗan yana ƙarawa a hankali ke nan. Wanda ya ga an ƙara masa daga rabin ƙwaya zuwa guda, daga guda zuwa biyu, kada ya ɗauka ciwon ne ya tsananta. Jiri da ganin abu biyu-biyu, musamman sa'o'i kaɗan bayan an sha, alama ce ta cewa ya yi yawa a jini a wannan lokacin. A jikin dattawa yakan rage sodiyam na jini, balle idan suna haɗawa da maganin hawan jini mai sa fitsari, sai a ga Baba ya rikice, ba ƙarfi, ana cewa tsufa ne. Akwai kuma nau'o'in farfaɗiyar da yake ƙara tsanantawa, kamar wadda yaro zai yi shiru na 'yan daƙiƙoƙi ido a buɗe, da wadda ke sa gaɓoɓi fizga da sassafe. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum aro daga maƙwabci don ya ga ya yi wa ɗansu aiki.

Ƙuraje kuwa sai an tsaya a kansu. Fenobabiton da fenitoyin da kabamazefin da wani sabon magani mai suna lamotirijin duk suna iya fesar da ƙuraje, mafi yawa marasa haɗari. Amma a ɗan tsirarun mutane, galibi cikin wata 2 na farkon fara sha, garkuwar jiki takan juya ta afka wa fata. Yana farawa da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ido ya yi ja, baki da leɓe su yi gyambo, sannan fata ta ɗuri ruwa ta fara saluɓewa. Yana kisa. A gida an fi ɗaukarsa ƙyanda ce ko ƙarambau, a yi ta jiƙe-jiƙe ana ci gaba da ba da ƙwayar da ta jawo shi. Duk wanda ya fara sabon maganin farfaɗiya ya ga ƙuraje, balle da zazzaɓi ko ciwon baki, ya nufi asibiti a ranar, ba gobe ba, da katin maganin a hannunsa. A nan ne ake tsayar da magani nan take, amma likita ne zai tsayar ya sa wani a gurbinsa.

Yanzu mu dawo kan hanta, domin a nan ne aka fi yin asarar da ba a gani. Fenobabiton da fenitoyin da kabamazefin, su ukun, suna sa hanta ta ƙara yawan sinadaran da take narkar da magunguna da su. Hantar da aka zaburar haka ba ta tantancewa. Tana cinye sinadarin bitamin D da sauri, ƙashi ya riƙa rasa ƙwari a hankali cikin shekaru, har wata ƙaramar faɗuwa ta zo da karaya. Macen da ba ta cika fita rana ba ta fi shiga wannan haɗarin. Sinadarin folik ma yana raguwa, wani lokaci har jini ya yi ƙaranci. Sannan tana cinye sauran magungunan da mutum yake sha don wata larurar.

Ga mai tazarar haihuwa, ƙwayar da ake sha kullum tana rasa ƙarfinta, haka ma ashanar da ake sawa a dantse, irin su Jadelle da Implanon. Mace ta yi duk abin da aka ce ta yi, sai ga ciki, a zo ana zarginta da sakaci. Allurar wata uku da robar mahaifa su ne waɗannan magunguna ba sa raunanawa, kuma da an tambaye ta abin da take sha tun farko da an zaɓa mata ɗaya daga ciki. Ga mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, dolutegirabir, wanda shi ne ginshiƙin maganin da ake bayarwa yanzu a Najeriya, yana raguwa a jini, dole a gyara yadda ake shansa ko a canza na farfaɗiyar. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem ma hanta mai sauri tana rage masa ƙarfi, har masu yin sa sun yi gargaɗi a kan haɗa su. Magungunan tarin fuka kuwa ja-in-ja suke yi: rifamfisin yana rage wasu magungunan farfaɗiya a jini, aisoniyazid yana ƙara yawan fenitoyin da kabamazefin. Eritiromaisin da ake saya a kemis don ciwon maƙogwaro yana iya sa kabamazefin ya tumbatsa cikin 'yan kwanaki. Tiramol kuwa shi da kansa yana tayar da jijjiga ko a jikin wanda bai taɓa yin farfaɗiya ba, ina ga mai ita. Ɓoye ciwon da muke yi saboda kunya shi ke ba duk wannan dama. Wanda bai faɗa wa mai kemis ko ma'aikaciyar awo cewa yana shan Tegretol ba, ya hana su abin da za su kare shi da shi.

Sai balfurowet, wanda aka fi sani da Epilim a Najeriya, Dépakine a Nijar da sauran ƙasashe rainon Faransa. An haɗa sinadarin tun 1882, ya yi shekara 80 ana amfani da shi a ɗakunan bincike wajen narkar da wasu sinadarai kawai. A 1962 Pierre Eymard a Faransa ya lura duk abin da aka narkar a cikinsa sai ya hana jijjiga a jikin dabbobin gwaji, ashe ruwan narkarwar ne ke aikin. A 1967 aka fara sayar da shi. Magani ne mai ƙarfi, yana kama nau'o'in farfaɗiya da yawa, a wasu nau'o'in ma babu kamarsa. Yana sa ƙiba, yana sa hannu rawa, gashi yakan zube ya sake tsirowa, yana iya rage ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, kuma a jikin yara 'yan ƙasa da shekara 3 yana iya yi wa hanta mummunan lahani.

Babbar maganarsa ita ce ciki. A cikin kowace haihuwa 100, jarirai 2 zuwa 3 sukan zo da wata babbar tawaya ko da uwa ba ta sha komai ba. Idan uwa tana shan balfurowet, adadin yakan kai kusan 10: gadon baya a buɗe laka a waje, tsagewar leɓe ko ganɗa, matsalar zuciya, tawayar gaɓoɓi. Cikin waɗanda suka zo lafiya a ido kuma, 30 zuwa 40 cikin 100 sukan samu jinkirin magana ko tafiya ko wahalar karatu. Tun 1982 likitoci a Liyon ta Faransa suka ba da rahoton alaƙarsa da buɗewar gadon baya, amma sai 2018 Birtaniya da Tarayyar Turai suka kafa doka mai tsauri cewa ba za a ba macen da za ta iya ɗaukar ciki ba sai da tsarin hana ɗaukar cikin. Shekara 36 ke nan tsakani, a ƙasashen da ke da likitoci da kotuna da jaridu. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba 'yan mata da matan da ke shekarun haihuwa, a fara musu da lamotirijin ko lebetirasitam.

A duba yadda wannan yake faɗowa a gidajenmu. Yarinya ce aka ɗora a kan Epilim tana 'yar shekara 9, ya karɓe ta, ciwo ya kwanta, iyaye suka gode wa Allah suka ci gaba da saye a kemis ba tare da an sake komawa asibiti ba. Ta girma, aka sa rana. Wataƙila ma ba a gaya wa dangin miji tana da larurar ba, don gudun a fasa. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da amarya ba ta ma tabbatar da ɓatan wata ba. Kafin ta je awon farko, abin da zai faru ya riga ya faru. Ba a fafe gora ranar tafiya. Canjin magani yana cin watanni, ana rage wannan ana ƙara wancan, don haka lokacin kai yarinya wurin likita a sake duba maganinta shi ne da ta fara girma, tun ba a fara zancen lefe ba. Ƙwayar folik da ake fara sha kafin ciki tana da amfani, amma ba ta kawar da haɗarin balfurowet.

Wadda kuma ta riga ta samu ciki tana shan kowane irin maganin farfaɗiya, kada ta ajiye shi don ta karanta wannan shafin. Jijjiga mai ƙarfi tana iya hallaka ta da abin da ke cikinta. Ta je asibiti cikin makon. Fiye da 9 cikin 10 na mata masu farfaɗiya lafiyayyun 'ya'ya suke haifa, kuma mafi yawansu suna iya shayarwa, sai dai mai shan fenobabiton ta lura ko jaririn yana yawan barci ko kasa kama nono.

Sababbin magungunan ma ba su zo hannu rabbana ba. Lamotirijin sai an fara shi da ɗan mitsitsi a yi makonni ana hawa saboda ƙurajen nan, yawansa a jini kuma yana faɗuwa idan ciki ya tsufa. Lebetirasitam, wato Keppra, wanda aka amince da shi a Amurka a 1999, ta ƙoda yake fita, bai cika rigima da sauran magunguna ba, amma yakan sa wasu saurin fushi da ƙuncin rai har iyali su rasa gane kansu. Babban aibinsu a wurinmu kuɗi ne.

To me ke faruwa idan an daina sha kwatsam? Ƙwaƙwalwar da ta yi watanni ana danne ta ba ta zauna haka kawai ba, ta yi gyare-gyarenta don ta ci gaba da aiki a ƙarƙashin dannewar. Fenobabiton ya fi kowanne a wannan: ƙwaƙwalwa tana rage jin maganar GABA nata na asali tunda ana kawo mata ɗauki daga waje. Ranar da ɗaukin ya yanke, sai a bar ta da zuga ba mai kwantarwa. Ciwon da zai dawo yakan fi na da muni, wani lokaci ya ƙi tsayawa, ko wani ya bi wani mutum bai farfaɗo a tsakani ba. Jijjigar da ta wuce minti 5 ta zama ta gaggawa, tana iya lalata ƙwaƙwalwa, tana iya kisa. Wanda ya bar magani don gudun barci ko ƙiba ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Ba kowa ne ke dainawa da gangan ba, kuma zalunci ne a ɗora wa majinyaci laifin duka. Fenobabiton yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, shigo da shi da ajiye shi sai da takardu, masu kemis da yawa sun gwammace su bar shi, sai ya yanke a gari. Wani kuɗi ne suka ƙare kafin wata. Wani an ce masa ba a haɗa maganin asibiti da rubutu ko ruƙiyya, alhali addu'a ba ta taɓa hana haɗiyar ƙwaya ba. Wani kuma yana sha kullum amma abin da yake sha ya lalace. Wani bincike da aka buga a 2018 a kan magungunan farfaɗiyar da aka sayo a Gabon da Kenya da Madagaska ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku ba su cika inganci ba. Balfurowet yana zuƙar danshi, kabamazefin ma danshi yana rage masa ƙarfi, don haka ɓare ƙwaya daga katinta a ƙulle a leda, a ajiye a taga da damina, hanya ce ta shan rabin magani da cikakken kuɗi.

Azumi ma yana buƙatar shiri. Mai shan fenobabiton sau ɗaya da dare ba shi da matsalar lokaci. Mai sha sau biyu sau da yawa ana iya mayar masa da shi sahur da buɗa-baki, amma likita ne zai tsara, tun cikin Sha'aban. Abin da aka fi mantawa shi ne barci, domin ƙarancinsa yana cikin manyan masu tayar da ciwon. Wanda ciwonsa bai kwanta ba kuwa, shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, kuma malamai sun yi bayaninsa.

Akwai hanyar dainawa ta gaskiya. Idan mutum ya yi aƙalla shekara 2 ciwo bai tashi ba, likita zai duba irin farfaɗiyarsa da sanadinta, idan ya ga dama ce sai a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin watanni. Ko a haka ba tabbas. A wani babban gwaji da aka buga a Birtaniya a 1991 a kan mutum sama da 1,000, cikin shekara 2 ciwon ya dawo wa 41 cikin 100 na waɗanda aka janye wa magani, da 22 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba da sha. Direba da mai aiki a kan bene da mai shiga kogi sai su auna wannan da kyau.

Kada jerin illolin nan ya rufe mana ido daga abin da ke ɗaya hannun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da tashin ciwo ba idan sun samu maganin da ya dace. Wani bincike a Gilasgo a shekarar 2000 ya nuna kusan rabin sababbin majinyata maganin farko da aka gwada ne ya tsayar musu da ciwon. Amma a ƙasashe matalauta uku cikin huɗu ba sa samun maganin ma sam. Ƙuna da nutsewa da karaya da mutuwar farat ɗaya cikin barci sun fi yawa nesa ba kusa ba a wurin waɗanda ciwonsu ke tashi babu magani.

Saboda haka ina roƙon duk mai rubuta wannan magani, likita ne ko nas ko jami'in lafiya na ƙauye, ya ƙara minti biyar a kan kowane sabon majinyaci, ya yi masa bayani da harshen da yake ji, ya tambayi mace shekarunta da shirinta. Kai kuma mai sha, ko ke uwar mai sha, ku san sunan maganin da yawan miligiram ɗinsa, ku faɗe shi a duk inda za a ba ku wani magani, ku kai kukan duk abin da ya canza a jiki wurin wanda ya rubuta shi. Idan ƙwayoyin da suka rage a gida ba su kai na mako guda ba, a nemo wasu yau.